Shin mutanen garin da ake jayayya a kansa su ne za su zaɓi ƙasar da za ta mulke su?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Gombe ya rubuto cewa akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a majalisarsu ta Jekadafari. Wani dattijo a cikinsu, ɗan asalin Mubi, ya ce iyayensa sun jefa ƙuri'a a 1961 suka zaɓi zama a Najeriya, amma da aka zo kan Bakasi da ƙauyukan Tafkin Chadi sai aka miƙa su ga Kamaru ba tare da an tambayi kowa ba. Malamin yana son ya sani, a shari'a da kuma a hankalce, idan ƙasashe biyu suna jayayya a kan wani gari, shin ba mutanen garin ne ya kamata su zaɓi wadda za ta mulke su ba?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma ka gaishe mini da dattijon, domin abin da ya faɗa game da 1961 gaskiya ne, kuma shi ne mafi kyawun wurin da za a fara. Ra'ayina a taƙaice shi ne mutanen gari suna da haƙƙin a ji ta bakinsu, kuma dokar ƙasa da ƙasa kamar yadda take a yau ta rage musu wannan haƙƙi fiye da kima. Sai dai wanda ya yi nazarin ƙuri'un da aka yi a kan iyakoki zai ga cewa sau da yawa sakamakon yana tabbata ne tun kafin ranar zaɓe, a hannun waɗanda suka shata yankin da za a ƙirga da waɗanda suka rubuta sunayen masu jefa ƙuri'a. Don haka cewa kawai "a bar mutane su zaɓa" bai warware komai ba tukuna.

Bayan an ci Jamus da yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa sun raba Kamaru a tsakaninsu. Ingila ta sami wani siririn yanki da ya bi gefen Najeriya, ta kuma raba shi biyu wajen mulki: Kudancin Kamaru, da Arewacin Kamaru wanda ya ƙunshi Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali, Michika, Mubi, Ganye, Gashaka da tsaunin Mambila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yankin ya zama amana a hannun Ingila ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Nuwamba na 1959 aka tambayi mutanen arewacin ko suna son shiga Jihar Arewa idan Najeriya ta sami 'yancin kai, ko kuwa a jinkirta maganar. Gwamnatin Kaduna ta ɗauka an gama, sai ga mutum 70,546 sun zaɓi jinkiri, 42,788 ne kawai suka zaɓi Najeriya. Abin da aka fahimta shi ne jama'a, musamman ƙabilun kan duwatsu, sun yi amfani da ƙuri'ar ne wajen nuna ƙosawarsu da mulkin En'e da hakiman da ake turo musu. Aka yi gyara, aka cire yankunan daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa aka kafa musu nasu, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya yi alkawarin ba su lardi na kansu. Da aka sake ƙuri'a a watan Fabrairu na 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, kuma a ranar 1 ga Yuni aka kafa abin da aka sani da Lardin Sardauna. A wannan karon har mata sun jefa ƙuri'a saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ta nace a kan haka, alhali matan sauran Arewa ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970.

Wannan tarihi yana goyon bayan dattijonku ta wani ɓangare mai muhimmanci. Saboda an san za a tambaye su, sai aka saurari kokensu, aka sauya musu tsarin mulki cikin 'yan watanni, abin da shekaru arba'in na mulkin Ingila ba su kawo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙuri'ar ce ta tilasta wa mahukunta su tambaye shi. Har yau kuwa babu wani yunƙuri na a zo a gani a Mubi ko Gembu na komawa Kamaru.

Amma a sake duba alƙaluman. A kudancin, mutum 233,571 ne suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Najeriya. Da an haɗa arewa da kudu an ƙirga su a matsayin yankin amana guda ɗaya, kamar yadda gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta Kamaru ta so, da Kamaru ta sami 331,230, Najeriya 244,037, kuma da yau mutumin Mubi yana kashe sefa. A ɗaya gefen, da an ƙirga gunduma-gunduma, da ƙasar Chamba, wato yankin Ganye, ta tafi Kamaru, domin a can mutum 25,177 ne suka zaɓe ta, 9,704 suka zaɓi Najeriya. Ƙuri'u iri ɗaya, mutane iri ɗaya, rana ɗaya, amma taswira uku daban-daban za su iya fitowa, ya danganta da inda aka ja layin ƙirga. Kamaru ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya a kan yadda aka tafiyar da lamarin, kotun kuma a watan Disamba na 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan gundarin ƙarar saboda an riga an rufe amanar. Akwai kuma batun tambayar kanta: an ba mutanen kudancin zaɓi biyu ne kacal, ko Najeriya ko Kamaru, aka hana su na uku, wato su tsaya da ƙafarsu, kuma masu fafutikar ɓallewa a yankin masu magana da Ingilishi, inda ake zubar da jini tun 2017, suna kafa hujja da wannan har gobe.

Irin wannan ya faru a Turai. A 1920 aka yi ƙuri'a a yankin Shileswig tsakanin Jamus da Denmak, kuma ita ce ake yawan kafa misali da ita saboda iyakar da ta haifar tana nan har yau. Duk da haka garin Tonda, inda mafi yawan mutane suka zaɓi Jamus, ya faɗa cikin Denmak saboda an ƙirga shi tare da shiyyar arewa baki ɗaya. Kowace ƙuri'a tana barin wani gari a gefen da bai so ba.

Dalilin da ya sa ba a yi wa Bakasi irin ta 1961 ba yana cikin bambancin matsayin wuraren biyu a shari'a. Haƙƙin al'umma na zaɓar makomarta, wanda ke cikin Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙudurinta mai lamba 1514 na 1960, an fassara shi ne a matsayin haƙƙin yankin da ke ƙarƙashin mulkin mallaka gaba ɗayansa, a lokacin da Turawa za su tafi. Arewacin Kamaru yankin amana ne da ba na Najeriya ba kuma ba na Kamaru ba, don haka dole a tambayi mutanensa. Bakasi kuwa rigima ce tsakanin ƙasashe biyu masu 'yanci a kan inda layi ya bi, kuma a irin wannan shari'a abin da alƙalai ke tambaya shi ne wa ke da takarda. Kamaru ta shigar da ƙara a Kotun Duniya a 1994, kotun ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, ta dogara a kan yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris, 1913, tare da sanarwar Marwa da Janar Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu a 1975. Najeriya ta kawo hujjar cewa ƙasar ta sarakunan tsohuwar Kalaba ce, waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar kariya da Ingila a 1884, don haka Ingila ba ta da ikon bayar da ita, ta kuma nuna cewa mazauna wurin 'yan Najeriya ne, ita ke karɓar haraji, ita ke gina makarantu da asibitoci. Kotun ta ce inda takarda ta yi magana a sarari, zama da gudanar da mulki ba sa rushe ta. Ta kuma lura cewa a ƙuri'ar 1961 an lissafa Bakasi ne a cikin Kudancin Kamaru, wanda ke nufin a idon shari'a an riga an tambaye su tare da sauran mutanen kudancin.

Wannan fifiko da ake ba takarda yana da tushe a Afirka. A taron Alƙahira na watan Yuli, 1964, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka sun amince kowace ƙasa ta mutunta iyakokin da ta gada ranar samun 'yanci, kuma Tarayyar Afirka ta maimaita haka a kundinta. Sun san sarai cewa iyakokin ba su da ma'ana ga mutanen da suka raba. Mu Hausawa ba sai an ba mu labari ba: layin da Ingila da Faransa suka ja ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Illela da Ƙonni, kamar yadda layin Ingila da Jamus ya bar Yola a gefe ɗaya, Garwa da Ngaundare a ɗaya gefen, alhali masarauta ɗaya ce. Abin da shugabannin suka ji tsoro shi ne idan aka buɗe ƙofar gyara, babu ƙasar da za ta tsira, domin kusan kowace iyaka a nahiyar ta ratsa ta tsakiyar wata al'umma. A ganina tsoron nasu yana da hujja. Mali da Burkina Faso sun gwabza yaƙi a watan Disamba na 1985 a kan zirin Agasher, Habasha da Eritiriya kuma sun yi asarar dubban rayuka daga 1998 zuwa 2000 a yaƙin da ya faro daga ƙaramin garin Badme.

Matsala ta biyu, wadda ta fi ta layin ƙirga wuya, ita ce wane ne ɗan gari. Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi a Tafkin Chadi misali ne da ya shafe mu kai tsaye. Masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa da Barebari, sun bi ruwa yayin da tafkin ke janyewa a shekarun 1970 da 1980, suka kafa garuruwa a busasshiyar ƙasar da ta bayyana, hukumomin Jihar Borno kuma suka bi su da dagatai da 'yan sanda. Da an yi ƙuri'a a can, babu shakka Najeriya za su zaɓa. Amma wurin yana gabas da layin da takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931 suka shata, kuma kotun ta ce zaman shekara ashirin da wani abu bai isa ya sauya mallaka ba. A watan Disamba na 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a yankin. Abin da zafi, amma a yi tunanin akasinsa: idan yawan mazauna ne ke yanke mallaka, to duk ƙasar da ta fi maƙwabciyarta yawan jama'a za ta iya tura mutanenta su zauna a gefen iyaka, bayan shekara ashirin ta nemi a yi ƙuri'a. Najeriya ce za ta fi kowa cin ribar wannan ƙa'ida a Afirka ta Yamma, kuma shi ya sa babu maƙwabciyar da za ta yarda da ita.

Wannan tambaya ce ta kashe ƙuri'ar Abyei, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke jayayya a kansa. Yarjejeniyar zaman lafiyar Sudan ta 2005 ta tanadi cewa mutanen Abyei za su zaɓi arewa ko kudu a watan Janairu na 2011, amma har yau ba a yi ba, saboda an kasa daidaitawa a kan Larabawan Misiriya, makiyayan da ke shigowa da shanunsu kowane rani neman ruwa da ciyawa. 'Yan ƙabilar Dinka Ngok, mazauna dindindin, sun ce baƙi ne. Misiriya sun ce kakanninsu sun bi wannan burtali tun kafin a san wata ƙasa mai suna Sudan. A watan Oktoba na 2013 Dinka suka shirya tasu ƙuri'ar, fiye da kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi Sudan ta Kudu, babu wanda ya amince da sakamakon, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna can suna gadi tun 2011. Duk wanda ya san zaman manomi da makiyayi a ƙasar Gombe da Bauchi ya san cewa ba za a ce wanda ke zuwa mashaya wata huɗu a shekara ba shi da haƙƙi a wurin ba, kuma ba za a ce haƙƙinsa daidai yake da na mai gida da gona ba. Takardar ƙuri'a ba ta da gurbin rabin haƙƙi. A Yammacin Sahara ma an tsagaita wuta a 1991 bisa alkawarin ƙuri'a, gardamar rajista tsakanin Maroko da Polisariyo, ƙungiyar da ke neman 'yancin yankin, ta hana ta har yau.

Sai batun bindiga. Kwamitin Sulhu ya nemi a yi ƙuri'a a Kashmir tun 1948, da sharaɗin a fara janye mayaƙa, Indiya da Pakistan suka kasa yarda a kan wa zai fara. A Kirimiya, yankin ƙasar Yukiren, an yi ƙuri'a a watan Maris na 2014 bayan sojojin Rasha sun riga sun mamaye yankin, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce ba ta da inganci, da ƙuri'a 100 a kan 11. Ko da a ce mafi yawan mutanen wurin da gaske Rasha suke so, ƙuri'ar da aka yi ƙarƙashin sojan mai nema ba ta iya tabbatar da hakan.

Saboda haka hukuncina shi ne ƙuri'a tana da amfani, har ma ita ce hanya mafi adalci, idan ƙasashen biyu sun amince tun farko a rubuce cewa za su karɓi sakamakon, suka daidaita a kan yankin da za a ƙirga da ranar da za a tsayar wajen tantance mazauna, aka janye sojoji, aka kuma damƙa aikin ga wanda ba shi da rabo a ciki. Ƙuri'ar 1961 ta cika mafi yawan waɗannan sharuɗɗa, duk da ƙorafin Kamaru, shi ya sa ta ɗore. Inda ba a cika su ba, gari ba zai iya tashi shi kaɗai ya sauya ƙasa ba, kuma bai kamata ya iya ba.

Wannan bai wanke abin da aka yi wa mutanen Bakasi ba, kuma a nan nake ganin dattijonku ya fi masana shari'a gaskiya. Hukuncin kotu ya ɗaure gwamnatoci, amma bai hana su zama su yi ciniki ba. Bayan hukuncin 2002 an kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Kamaru ƙarƙashin jagorancin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma babu abin da ya hana a nemi musayar ƙasa, ko mulkin haɗin gwiwa, ko wani matsayi na musamman mai ɗorewa, bayan an saurari mazauna. An taɓa yin haka a tsibiran Oland da ke tsakanin Suwidin da Finlan a 1921: kusan dukan mutanen wurin Suwidin suke so, aka bar su a Finlan, amma aka ba su majalisarsu, aka kare harshensu da filayensu, aka haramta girke soja a wurin, tsarin kuma yana aiki fiye da shekara ɗari. Yarjejeniyar Greentree da Obasanjo da Paul Biya suka sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2006, ta ɗauki wani abu daga wannan tunani. Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kori 'yan Najeriya ko ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta mutunta harshensu da al'adunsu, ta bar su su ci gaba da su da noma, ta kare dukiyarsu da haƙƙinsu na gado a kan filaye, kuma ba za ta ɗora musu haraji na wariya ba. Alkawuran suna da kyau a takarda. Rauninsu shi ne tsarin riƙon ƙwarya na shekara biyar ne kawai bayan miƙa yankin a ranar 14 ga Agusta, 2008, ya ƙare a 2013, kuma ba a kafa wata kotu ko hukuma ta dindindin da masunci zai kai kuka idan jandarma ya ƙwace masa jirgi ba. Dubban mutane sun ƙaura zuwa yankin Akpabuyo a Jihar Kuros Riba, inda maganar sake tsugunar da su ta daɗe tana jan ƙafa. Majalisar Dattawa ta yi watsi da miƙa yankin a watan Nuwamba na 2007 bisa hujjar cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulki ya tanada, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, wa'adin shekara goma na neman sake duba hukuncin kuma ya wuce a watan Oktoba na 2012 ba tare da gwamnati ta nema ba.

Ya kamata kuma mu lura cewa ko a cikin gida ba mu saba tambayar jama'a ba. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a ƙirƙiri sabuwar jiha ba sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'ar raba gardama, amma a tarihin ƙasar nan Jihar Tsakiyar Yamma ce kaɗai aka ƙirƙira ta wannan hanya, a 1963. Gombe da kanta da dokar soja aka cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma da aka fara maganar man Kolmani kowa ya ga yadda layin da ke tsakanin Alkaleri da Akko, wanda a da ba mai kula da shi sai manoma da makiyaya, ya zama abin ja-in-ja. Inda akwai mai ko kifi ko ruwa a ƙarƙashin gari, ƙasashe ba sa yarda a bar maganar a hannun mazauna, kuma Bakasi tana da mai da kifi duka.

Idan aka zauna da mutanen kan iyaka, a Belel ko Sahuda ko Gamboru, abin da suka fi damuwa da shi shi ne ko za su ci gaba da noma gonar da ta faɗa ɗaya gefen, ko za su kai kaya kasuwa ba tare da an tatse su a kowane shinge ba, ko za su ziyarci kabarin iyayensu, ko takardar ɗansu ta makaranta za ta yi aiki, ko kuma za su wayi gari babu ƙasar da ta san da su. Rufe iyakokin da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun jigata garuruwa irin su Jibiya da Maigatari da Illela, waɗanda babu wata jayayya a kan ƙasar da ta mallake su. Don haka, ko za a yi ƙuri'a ko ba za a yi ba, abin da nake ganin wajibi ne a kowace yarjejeniyar iyaka shi ne a ba kowane mazauni damar zaɓar ƙasar da zai riƙe takardunta ba tare da ya bar gidansa ba, a rubuta haƙƙin gona da mashaya da wurin su da sunan masu shi kafin a kafa ginshiƙan iyaka, a sa wakilan garin a cikin hukumar da ke shata layin, a kuma kafa wurin kai ƙara wanda ba shi da wa'adin ƙarewa. Waɗannan abubuwa ne da gwamnati za ta iya nema a teburin sulhu ko da ta sha kaye a kotu, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar garuruwan kan iyaka a Adamawa da Taraba da Borno suna da hurumin matsa mata ta neme su, tun da har yanzu ba a kammala kafa ginshiƙan iyakar Najeriya da Kamaru mai tsawon kusan kilomita 2,000 ba.